'Yar Italiya

Shekarar da aka sami 'yancin kai, wani attajirin shinkafa daga Argungu ya kawo wa Baba wata jar mota ƙirar Italiya, wadda ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. Baƙin mai take zubarwa. Baba makanike ne, garejinsa kuma gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ne a Nasarawa.

Da la'asar na taka fasasshiyar kwalba, na zo wurinsa ina ɗingishi, jini na bin diddigena. Na tarar da shi kwance ƙarƙashin motar, yana shafa cikinta da tafin hannu, yana neman inda man ke fita.

"Sannu, 'yar Italiya," na ji ya ce a hankali. "Ashe nan na ciwonki. Yi haƙuri, yanzu ki samu sauƙi."

Ni ɗiyarsa ban taɓa jin wannan muryar ba.

Na ce, "Baba, ni ma jini nake zubarwa."

Bai fito ba. Ya miƙo hannu ya lalubo ƙafata, ya dangwala mini baƙin mai a kan ciwon, yadda makanikai ke yi. "Tahi wurin innarki."

Ban tafi ba. Na tsaya ina kallo ya yanka kwali daidai bakin kwanon man, ya ɗaure, ya goge mata jiki da tsohon zanena har tana sheƙi.

Ƙafar ta warke tuntuni, yau har jikoki gare ni. Amma in na ji warin baƙin mai sai raina ya ɓaci. Motar nan baƙuwa ce, wuni kawai ta yi a ƙofar gidanmu, ta tafi da sannun da nake jira.