Tafin Hannun Wendell

Taɓa jar motar kawai ɗana Wendell ya yi a wurin baje kolin tsofaffin motoci, mai motar, Mista Garrity, ya kwaɗe masa hannu da makulli.

"Ke, janye ɗan birin nan naki! Motar nan ta girmi ubansa."

Yaro ɗan shekara huɗu. Na hura masa hannun.

Sana'ata buga kwafin takardar bayanin mota da injinta, wadda masana'anta ke cusawa a ƙarƙashin kujerar tsofaffin motoci. Kowacce sai na manna mata hatimin kwafi.

Rannan sai ga Garrity a shagona. Bai ma gane ni ba.

"'Yan mata, takardar jar motata za ki buga min, ki tsufar min da ita. Ban da hatimi. Ki rubuta babban inji, don motar ta yi tsada."

Na jiƙa ta da shayi, na gasa ta, har tsatsa na goga mata.

Ranar gwanjon motar ya rantse cewa a ƙarƙashin kujerarta ya tsinto takardar. Alƙalin gwanjon ya haska mata shuɗiyar fitilar da suke gwada takardu.

Tawadar da ido ba ya gani, wadda na shafa wa hannun Wendell na danna a kan takardar, ta fito tar: ɗan tafin hannu, yatsu biyar.

Wendell ya yi tsalle a tsakiyar taro: "Mama, ga hannuna!"