Hannun Mai Tuyar Waina

Akwai wata tsohuwa mai tuyar waina, tun tana amarya take zaune gaban tanda. Hannunta ya sha wuta har ya daina jin ta. Garwashi in ya faɗo, da yatsa take mayar da shi murhu. Da matar ɗanta ta haihu, sai ta ce babu mai wanke mata jika sai ita. Ta sauke ruwa daga wuta, ta sirka a baho, ta tsoma hannu ta ji shi ɗumi-ɗumi, daidai jikin jariri. Ba ganganci ta yi ba, abin da hannun ya gaya mata ke nan. Maijego tana bakin gado tana kallon tururin da ke tashi, ga shi jaririn ɗanta ne na fari, ba ta da bakin magana a kansa gaban uwar miji. Tsohuwa ta ga yarinya sai murza bakin zane take yi, ta ɗauka kunya ce kawai. Ta miƙe ƙafafu bisa bahon, ta miƙa hannu za ta ɗauko yaro.

Sai maijego ta ce, kanta a sunkuye, "Inna, toka ta ɓata miki ƙwauri. Ki ɗan ɗauraye, tunda a kai za ki kwantar da shi." Tsohuwa ta yi dariya, ta ce yaran yanzu da iyayi, ta kamfato ruwan ta watsa. Ba ta san lokacin da ta janye ƙafar ba. Zafi ya ratsa ta har ƙashi. Ta sake mayar da hannu cikin bahon, ta ji shi lafiya lau kamar ɗazu. Ta daɗe tana duban tafin nan nata, sannan ta dubi jaririn da ke barci, fatarsa kamar ɓawon albasa. Ta sa aka kawo ruwan randa ta ƙara, amma wannan karon ba ta tsoma hannu ba. Ta tura bahon gaban surukarta ta ce, "Taɓa min, 'yar nan. Nawa ya daina faɗa min gaskiya."

Haka ido yake, haka kunne, kowanne iyakar abin da ya saba da shi yake kawo wa mai shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.