Inda Laimar Ta Tafi

"Gidanka ne ya kashe min uwa," Auta ya faɗa wa mai gidan hayar, ranar da 'yan gaisuwa suka watse.

Likita ya ce fumfuna ce ta cinye huhun Inna, ta daɗe tana shaƙar ta. Auta kuwa ya rantse kwanon rufin ne ke yoyo.

Shi ai ba ya wasa da danshi. Tun da aka ce Inna ta riƙa cin ɗanyen ganye, ya kafa tanti a ɗakinsa, ya shuka mata latas da alayyafo a ƙarƙashin fitila. Da ganyen ya fara ruɓewa, ya haɗa fanka da dogon tiyo mai zuƙe laimar tantin ya yi sama da ita. Daga ranar ganye ya yi shar. Kullum Inna na ci, tana tari, tana sa masa albarka.

Mai gida bai yi musu ba. "Allah ya ba ka haƙuri. A kira kafinta ya duba."

Kafinta ya ɓalle silin da ke saman gadon Inna. Allon ya faɗo baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Kafintan ya haska cikin rufin.

"Kwano lafiyarsa ƙalau," ya ce. Sai ya miƙa hannu ya jawo bakin wani tiyo mai hura iska mai ɗumi, ruwa na ɗiga a kan katifa. "Wannan fa, wa ya cuso shi nan?"

Ta bayan bango, Auta na jin fankarsa tana juyawa.