Ƙulli na Huɗu

Wake na kan wuta Laraba ta leƙa gwangwani, babu ko ƙwayar kanwa. Ga mutum goma suna cirar albasa a gonar mijinta Hamidu, abincin rana suke jira.

Idonta ya faɗa kan ƙulli huɗu na takarda da ɗiyarta Bushra ta jera a taga. Mako uku yarinyar tana fama: gorar roba huɗu iri ɗaya, ruwan lemun tsami daidai wa daida, totuwa ta toshe baki, sai dakakkiyar farar kanwa, kowace gora da nata awon a ƙulli. In kanwa ta gamu da tsami, kumfa ya tunkuɗe totuwa, gora ta yi sama kamar roka. Gobe ne gasar kimiyya ta makarantu a Jega, wanda ya ci shi zai tafi Birnin Kebbi.

"Inna, don Allah kar a taɓa min," sau nawa ta faɗa.

Laraba ta zari na ƙarshe, ta juye a tukunya cikin hayaƙi, ta cika takardar da gishiri ta mayar. Fari dai ai fari ne.

Alhaki kwikwiyo, mai shi yake bi. Waken ya ƙi nuna, ga gishiri zau, har Hamidu ya tambaya ko lafiya. Ta kasa haɗa ido da ɗiyarta.

Washegari fili ya cika da ɗaliban Jega da Aliero da Maiyama. Gorar farko ta kai tsayin katanga. Ta biyu ta wuce darbejiya. Ta uku sai da mutane suka yi salati. Bushra ta zuba ƙulli na huɗu, ta toshe, ta kifa, ta ja da baya.

Shiru. Gora ko tari ba ta yi ba.

Yara suka kwashe da dariya, alƙalai suka duƙa suna rubutu. Laraba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wahalar mako uku, ita uwa da hannunta ta zubar a tukunyar wake!

Ta ja ɗiyar bayan aji, tana hawaye ta faɗi komai.

Bushra ta dafe ciki don dariya.

"Haba Inna! Ta huɗun dama ba ta tashi, ita ce shaidar cewa kanwa ke tada sauran. Gishiri na ƙulla mata: gishiri kika ɗauka, gishiri kika mayar."