Hannaye Arba'in a Sama

"Hannu uku kacal," na rubuta a takardar duba darasi, na ja layi a ƙasa.

Ina zaune a bayan ajin sabuwar malamar lissafi. Ta yi tambaya, yara arba'in suka yi tsuru-tsuru, uku suka ɗaga hannu. Ita kuwa sai murmushi take yi, wai "mu sake gwadawa". Shekara ashirin ina riƙe da alli, wai a wurin wannan 'yar jiyan zan koyi wani abu?

A taron malamai ban rage mata komai ba. "Malama, aji ba wurin lallashi ba ne. Ki zo nawa gobe ki ga aiki."

Ta zo, har da shugabar makaranta. Na jefa tambaya, hannaye arba'in suka tashi. Duk wanda na nuna, amsa daidai. Na kalli malamar na taɓe baki.

Ta ce, "Malam, don Allah ni ma in gwada?"

Na miƙa mata allin da yatsu biyu. Ta yi tambaya mai sauƙi, hannaye suka tashi, ta nuna wata yarinya a layin gaba.

Yarinyar ta miƙe, ido rau-rau. "Malama, ai hagu na ɗaga. Malam ya ce in an yi baƙi, wanda bai san amsa ba ya ɗaga hagu, ba za a kira shi ba."

Shugabar ta bi ajin da kallo. Hannun dama uku ne kacal.