Kwanon Ruwa a Tandabawi

Ina ɗan shekara takwas, na yi imani ƙasar Makka ba ta karɓar mai zunubi. Kwana uku da saukarmu daga jirgin ruwa, daɓen ɗakinmu a unguwar Tandabawi bai daina lilo da ni ba. Na ƙi zuwa Harami, na shaida wa Baba batun dabinon da na sata a jirgi.

Ya ajiye kwanon ruwa a ƙasa. "Duba, sarkin ɓarayi. Yana motsi?"

Ruwan na kwance, hasken taga na barci a cikinsa.

"Teku ce ba ta gama sallamarka ba."

Da ya miƙe, na ga shi ma bango yake dafawa. Har yau ban san abin da ya kwantar mini da hankali ba, ruwan ko hannunsa. A Harami muka yi la'asar.