Tabon Baƙin Mai

A bakin tagarmu ta unguwar Abbasiya na tarar da tsohon katin ɗan ƙwallon nan na cikin cingam yana bushewa, fes kamar sabo.

"Jiƙa shi na yi, na goge da auduga," in ji maigidana yana murmushi. "Khalas, shi ke nan! Baturen unguwar Ma'adi mai tara irinsu zai ɗauka hannu bai taɓa taɓa shi ba."

"Ajiya na ba ka, Malam. Ajiya!"

"Ma'alish, yi haƙuri, datti ne fa."

Na juya katin ina neman tabon baƙin mai. Shatin yatsan Yayana bakanike ne, ranar da ya miƙo mini shi a tasha zan baro gida. Da ya rasu, zanga-zangar dandalin Tahrir ta hana ni komawa gida ganin gawarsa. Ga shi an sake yi masa wanka ba na nan.